Haddar Ƙamus a Bayan Zana

Gummi,
ranar Lahadi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin sauka Sakkwato lafiya, kin kuma tarar da Gwaggonki Luba da maigidanta da yara kalau. Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na birni, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Mu nan gida sai godiya. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Kada ki juya takardar nan kina neman hannun Kawunki Bello. Ba shi ya rubuta ba, ni ne, mahaifinki. Na san abin zai zo miki bambaraƙwai, don tun da kika zo duniya maganar da ke tsakaninmu ba ta wuce "ke, kawo buta" da "ke, rufe ƙofar nan" ba. Ke ce 'yar fari, kuma kin san yadda gidanmu yake da kunyar ɗan fari. Ko sunanki bakina bai taɓa kamawa ba. Ranar sunanki ma ba na gida, na tsere gona kamar yadda samarin lokacinmu suke yi, sai da aka watse na dawo. Da za a sa ki makaranta Kawunki ne ya je ya rubuta ki, alhali ina ajin da ke kusa ina jin muryarsa. Ko ambulan ɗin nan sunan Gwaggonki na sa a bayansa, na ce ta miƙa wa yarinyar. To yau dai na gaji da kewaye-kewaye, shi ya sa na nemi biro na zauna.

Innarki ta gaya mini abin da kika faɗa mata ranar da kike ɗaure kaya. Wai wannan ne karo na ƙarshe. Idan Turanci ya sake kayar da ke, kin haƙura da makarantar unguwarzoma, za ki dawo gida ki ba ƙannenki littattafan su yi abin da suka ga dama da su. Tun kina 'yar ƙarama kike cewa aikin nan za ki yi, tun ranar da kika ga an fita da maƙwabciyarmu a kan amalanke tana naƙuda ana neman mota. Lissafi kin ci, kimiyya kin ci, har malamanku suna misali da ke ga na baya, amma takarda guda ta tare miki ƙofa sau biyu. Na san muryar da kika yi wannan magana da ita, domin ni ma na taɓa yin irinta. Ni na cika alkawarina, kuma ga ni nan inda ya ajiye ni.

Ranar tafiyarki na zo tasha. Ba ki gan ni ba, ko kuma kin gan ni kin yi abin da ya kamata, kin kau da kai. Ina can gindin dogon yaro wurin mai gyaran keke, na sa shi yana ba tayar da ba abin da ya same ta iska. Da kika buɗe akwati za ki sa ƙuli-ƙulin da Innarki ta kawo, sai na hango tsohon ƙamus ɗina a sama, mai jan bango, wanda na ɗinke bayansa da zaren buhu. Na ce a raina, shi ke nan, yarinyar nan ta tafi da ciwon a cikin akwati. Mota ta tashi, na tura kekena na dawo gida.

Bari in gaya miki yadda aka yi na zama Malam Ƙamus, sunan da kike jin mutanen gari suna kirana da shi kina jin daɗi. Kakanki Alaramma, Allah Ya jiƙansa, a Bukkuyum yake da makarantarsa, kuma a gabansa na yi allo. Ina da kai. Wannan ba yabon kai ba ne, kyauta ce aka ba ni ban san yadda zan yi da ita ba. Idan baƙi suka zo sai ya nuna ni ya ce, "Wanga yaro, abin da yaj ji sau guda ya zamna." Da aka zo ɗibar yara boko aka ce gidan Alaramma ma sai ya ba da guda, ni aka tura, na riga na yi girma, na fi kowa tsawo a aji. Na shiga da hanya guda da na sani ta karatu: ka rubuta, ka maimaita har ya zauna, ka wanke, ka ci gaba. Ta yi mini aiki a firamare. Ta yi mini aiki a tarihi da labarin ƙasa a kwalejin horon malamai. Da na ga Turanci yana ba ni wuya, sai na yi wani tunani wanda a lokacin na ɗauka duk ƙasar nan ba mai wayona. Na ce ai kalmomin Bature kaf suna cikin littafi guda, an jera su tun daga A. Ni da na tashi a gidan da ake haddace izu sittin, wannan littafin ne zai gagare ni?

Na fara daga shafin farko. Na yanka kwalin sukari gwargwadon allo, don Alaramma ba zai yarda a sa boko a allon gaske ba. Kullum bayan asuba in rubuta kalmomi da ma'anarsu, in zauna ina rangaji ina rerawa. Shekaru na yi a haka. Na kai harafin M kafin ƙarfina ya ƙare, sai ka ce masu jarrabawa sun yi mini alkawarin za su tsaya a M su jira ni. Sau huɗu na shiga jarrabawar Turanci ta takardar malanta. Kowane karo sai a ajiye mini labarin da ban taɓa gani ba, a ce in karanta in amsa tambayoyi. In duba in ga kalmomin nan na san su ɗaya-ɗaya, wasu har shafin da suke na sani, da wadda ke samansu da wadda ke ƙasansu, amma abin da mutumin yake faɗa gaba ɗaya ban gane ba. Idan kuma na ci karo da baƙuwa sai in tsaya a kanta cak, ina laluben shafuka a cikin kaina, har mai tsaron jarrabawa ya ce a ajiye biro. Ina zaune ina gumi, yaran da ba su san rabin abin da na sani ba suna ta rubutu abinsu.

Ki fahimce ni da kyau, ba hadda nake kushewa ba, Allah Ya kiyaye. Alƙur'ani ana haddace shi ne domin ba ya canzawa, yadda kika ɗauke shi haka za a tambaye ki shi, harafi da harafi. Turancin jarrabawa kuwa kullum sabon zance ne, ba sa dawo da na bara. Kalma a cikin ƙamus kamar sunan mutum ce da kika ji a bakin wani. Kin ji sunan, amma ba ki san mutumin ba sai kin ga da wa yake tafiya da irin aikin da yake yi. Saboda haka ki sauke ƙamus ɗin nan daga saman akwati ki mai da shi ƙasa. Ki nemi abin karantawa cikakke, mai farko da ƙarshe. Maigidan Gwaggonki yana dawowa daga ofis da jarida, ki roƙe shi kafin yara su kai wa mai tsire. Littafinki na kimiyya ma Turanci ne, kuma irin Turancin da za ki ci abinci da shi ke nan. Idan kika haɗu da kalmar da ba ki sani ba, kada ki tsaya. Ki kai ƙarshen sakin layi, ki dubi maƙwabtanta, ki kintaci abin da take nufi, sannan ki buɗe ƙamus ki ga ko kin dace. Idan za ki rubuta ta ki ajiye, ki ɗauko ta tare da jimlar da kika same ta a ciki. Kaɗan a rana sun ishe ki, in dai kin san su sani na gaske.

Kuskurena na biyu abin dariya ne, in da akwai mai ƙarfin yin dariyar. Lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, aka rasa malamai, sai aka tura ni Anka na bar ku a Gummi. A can ne sunan Malam Ƙamus ya kama ni. Na gano cewa idan na saki kalma mai tsawon igiyar guga, mutane sai su yi tsit su dubi juna. Abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba, don mutumin da jarrabawa ta kayar sau uku yana neman wurin da zai miƙe tsaye. Sai na daina neman kalmar da za ta yi aiki, na koma neman wadda za ta ba da tsoro. Ranar rabon kyaututtuka ga ɗalibai aka ce ni zan yi jawabin maraba da Turanci saboda manyan baƙi. Na yi kwana da kwanaki ina tsinto zaƙaƙuran kalmomi daga A zuwa M ina jera su. Da na gama aka yi tafi har da guɗa. Wani dattijo daga Zugu ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Wallahi Malam, in kana magana ko Bature sai ya nemi tahinta." Kaina ya kumbura, ban san gaskiya tsagwaronta ya faɗa ba.

Akwai wani malami ɗan Gana da muke aiki tare a can, Mista Mensa, mutum mai sanyin hali, kullum da kofin shayi ba madara. Da aka watse ya same ni a bayan aji, ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Malam, magana mai kyau. Amma me ka ce?" Ni kaina ban san abin da na ce ba. Bai yi mini dariya ba. Ya ja ni ɗakinsa ya ɗauko tsofaffin takardun jarrabawa, ya sa yatsa yana bi, ya ce in nuna masa manyan kalmomin nan nawa. Babu su. Abin da ya cika takardun kalmomi ne matsakaita, waɗanda na tsallake don na raina su. Ga mai cewa ka kwatanta, ga mai cewa ka taƙaita, ga mai neman dalili, ga mai nuna abin da ya biyo baya, ga kuma ƙananan nan masu juya magana, irin namu na "duk da haka" da "sai dai kuma" da "saboda haka". Ya ce waɗannan su ne ke riƙe da zancen masu ilimi, wanda bai kama su ba zai karanta shafi guda ya fita bai san an goyi bayan magana ko an rushe ta ba. Da na duba, da yawansu suna can bayan M, inda ban taɓa taka ƙafa ba.

To ke ki bi matsakaitan nan. Duk kalmar da kika ga tana dawowa a jarida, ta dawo a littafin kimiyya, ta sake dawowa a tsohuwar takardar jarrabawa, ita ce taki, ko da gajeriya ce ba ta da kwarjini. Idan kin kama ɗaya ki tambayi danginta, domin gida-gida suke: akwai mai nuna aikin, akwai mai aikin, akwai mai siffanta shi, kuma kama suke da juna. Kalmomin da ake yin tambaya da su ki san su kamar tafin hannunki. Idan aka ce ki taƙaita, ki taƙaita. Ni an ce in taƙaita na cika shafi biyu ina jin na kashe su. Mai duba takardarki ba dattijon Zugu ba ne, ba zai yi miki tafi ba. Yana da tulin takardu a gabansa, ya gaji, abin da yake so kawai ya gane abin da kika ce.

Mista Mensa bai tsaya nan ba. Ya ce kowane mako in rubuta masa shafi guda zai duba mini. Na rubuta na farko a kan amfanin ilimi ga ɗan Adam, na zuba masa duk abin da nake da shi. Ya dawo mini da shi ja wur, kamar an yanka kaza a kai. A ƙasa ya rubuta cewa in sake, kuma in yi a kan abin da na gani da idona, kasuwar Anka ko rijiyar makaranta. Na ninke takardar na cusa ƙarƙashin tabarma. Ni da ake kira Malam Ƙamus, ni da na girme shi nesa ba kusa ba, zai yi mini wanka da jan biro? Daga ranar na fara kauce masa, idan ya biyo ta gabas in bi ta yamma. Ya yi ta tambaya, "Malam, ina na biyu?" ina cewa sai an gama shuka, sai an gama noma, sai an gama girbi. Na shiga karo na huɗu da haddata, na faɗi, na ce na gama da jarrabawa har abada. Da aka ce baƙi su koma ƙasashensu, ya ɗaure 'yan kayansa zai hau mota, na je sallama. Ya riƙe hannuna ya ce har yanzu yana jiran na biyu. Ban sake jin labarinsa ba.

Ga abin da na girba. Shekara ashirin da wani abu ina shaƙar alli a matsayi guda. Hedimastanmu na yanzu, Malam Atiku, ni na koya masa riƙe fensir. Yaron kirki ne, idan zai ba ni umarni sai ya yi ta sosa ƙeya yana "Baba Malam, don Allah, in ba damuwa," har in ji tausayinsa ya fi nawa. Idona ya fara gajiya, ba na ganin rubutun yara sai na kai shi bakin taga, tari kuma ya ƙi barina tun damina. Ba kuka nake ba, Allah Ya rufa mana asiri, muna ci muna sha. Amma na gaji, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ba ƙwaƙwalwa na rasa ba.

A makarantar yamma da za ki shiga, ki nemi malami ko malamar da za ta riƙa duba miki rubutu, ki manne mata har ta gaji da ke. Ki kai, a ja miki ja, ki gyara, ki mayar. Ranar da takardarki ta dawo ja wur ki gode wa Allah, an nuna miki kuskurenki tun kafin ranar da ba a nunawa. Kalmar da kika koya da safe kuma ki yi aiki da ita kafin rana ta faɗi. Ki gina jimla da ita a kan awakin Innarki, ko turmutsutsun tasha, ko rigimar 'ya'yan Gwaggo. Ki faɗe ta da baki a gaban 'yan ajinku, su yi dariya in sun ga dama, dariya ba ta rage maki. Ki saurari labaran Turanci a rediyo, sannan ki saurari na Hausa, tunda labarin guda ne, ki ga abin da kika kama da abin da ya kuɓuce miki. Abu guda daga hanyar Alaramma kada ki yar, shi ne tilawa. Bai taɓa barin ɗalibi ya yi gaba ya manta baya ba. Kalmomin makon jiya ki koma musu wannan makon, na watan jiya ma haka, amma ki same su a cikin jimlolinsu, ba a jere su kaɗai ba.

Yanzu na zo inda nake ta kaucewa tun farkon takardar nan.

Bayan faɗuwarki ta farko kika dawo gida kika yi shekara kina shiri. Wata safiya bayan asuba ina zaune a ƙofar ɗakina ina lazimi, sai na ji murya ta bayan zana tana rerawa, tana hawa tana sauka. Na ɗauka tilawa kike. Da na kasa kunne sai na ji kalmomin harafin A ne, ɗaya bayan ɗaya, da ma'anarsu, da irin karin da nake yi, har inda nake jan numfashi. Na leƙa ta kafar zana. Kina zaune a tabarma kina rangaji, ga kwalin sukari a hannunki an yanka shi gwargwadon allo. Ban taɓa koya miki ba. Tun kina ƙarama kike kallona daga nesa, tunda ba a yarda ki matso ba, kika ɗauke komai da ido da kunne. Kin ji gari yana cewa daga nan har Anka ba mai Turancin babanki, kika ce to ga hanya. Daga baya Innarki ta ce ai tun kina sakandare haka kike yi.

A wannan safiyar na san ramin da na faɗa shi kika nufa. Tsakanina da ke zana guda ce, wadda akuya ma take ketawa. Abin da ake bukata kawai in ɗaga murya in ce, "Ke, ajiye wannan, zo in gaya miki." Ban yi ba. Na ci gaba da jan carbi. Washegari ma haka, har damina ta shigo ta fita. Ina jin ki kin gama A kin shiga B, ina sane da shafin da kike, wani lokaci har in ji bakina yana bin ki a hankali.

Wata rana Innarki ta kawo mini fura, ta ƙi tashi. Ta ce, "Malam, ɗiyag ga ta rame. Ko tuwo ba ta ci sai da kwalin ga a hannu. Mi kaka jira? Kai ka san abin ga, ka yi mata magana mana."

Na ce, "Ni in zamna da ɗiyar hwari? Mi za a ce?"

Ta ce, "To ni mi za ni ce mata? Ni ban san boko ba."

Na juya ludayi a cikin furar, sannan na ce, "Ce mata ta dage."

Ta tashi da murnarta ta je ta gaya miki, wai Babanki ya ce ki dage. Wannan ne saƙo na farko da kika taɓa samu daga gare ni a kan karatunki. Kika dage kuwa. Kika ƙara shafi a kan shafi, kika daina zuwa ko biki, kika kai harafin F kafin ranar jarrabawa. Da sakamako ya zo na ji kukanki ta bayan zanar nan dai, ba mai ƙara ba, irin na wanda ba ya son a ji. Na ɗauki keke na fita, ba tare da ina da wurin zuwa ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce. Kunyar ɗan fari gaskiya ce, da ita aka rene mu, maƙwabtanmu Fulani ma sun fi mu tsanani, kuma ban ce abin banza ba ce. Alaramma bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah. Amma shi, da duk kunyarsa, idan yayana ya yi kuskure a allo yakan dubi bango ya faɗi daidai, da ƙarfi, yadda yaron zai ji. Ni ko bangon ban duba ba. Da na zauna na auna abin, rabinsa kunya ce, rabi kuwa ba na so ki san cewa Malam Ƙamus bai taɓa cin Turanci ba. Ke kaɗai kika rage da kike ganina yadda dattijon Zugu ya gan ni, na kasa rabuwa da wannan. Ina baƙin cikin abin, baƙin ciki mai tsanani, kuma ya kamata ki ji haka daga gare ni ba daga wani ba.

Idan Allah Ya ba ki naki 'ya'yan, ki riƙe kunya a inda take da kyau. Amma idan kin ga ɗanki ya ɗauki hanyar da kika san ƙarshenta, ki yi magana, ko da bango za ki duba. Ke kuma a yanzu, kada ki ɗauki hanyar mutum don kawai kina ganin girmansa. Ki fara tambaya ina ta kai shi, ko da mutumin nan babanki ne.

Ga abin da nake roƙo, ni da ban taɓa roƙon ki komai ba sai buta. Ki janye maganar da kika gaya wa Innarki. Faɗuwa biyun nan da kike ƙirgawa a kanki ba naki ba ne. Hanyata ce ta shiga ɗakin jarrabawa da hannunki, ta faɗi kamar yadda ta saba. Ki haɗa su da nawa huɗu, na ɗauka. Ke ba ki shiga ba tukuna. Wannan da ke tafe shi ne karonki na farko, saboda haka ki daina kiransa na ƙarshe.

Idan kin sami wuri ki ba ni amsa, da Turanci, shafi guda, a kan abin da kika gani da idonki a Sakkwato. Kada ki sa ko kalma guda don ki burge ni. Ba zan taɓa shi da jan biro ba, ban isa ba, wannan aikin malamarki ne. Ni karantawa kawai zan yi. In na haɗu da wadda take bayan M, tunda ƙamus yana wurinki, sai in dubi maƙwabtanta in kintata.

Hannuna ya gaji, inuwa ma ta cinye tsakar gida. Ki gaishe da Gwaggonki da maigidanta, ki yi musu biyayya, ki taya ta aikin gida ba sai ta ce ba. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci sosai, babu kwali a ɗaya hannun. Allah Ya tsare ki gaba da baya, Ya kare ki daga ciwo da mugun abokin zama, Ya buɗe miki ƙofar da na tsufa a bakinta, Ya dawo mana da ke lafiya.

Idan kin zo hutu kada ki sa rai za ki tarar na canza. Za ki same ni a ƙofar ɗaki, zan ce "ke, kawo buta," ki kawo ki kau da kai yadda muka saba. Bakin nan ya riga ya tsufa a haka. Hannun ma sai da ya gwada sunan a bayan wani tsohon kwalin sukari kafin in sa shi a nan.

Allah Ya yi miki albarka, Hafsatu.

Mahaifinki.